Zuwa ga Bazazzagin da ya naɗa wa kansa sarautar Toranaga

Bawana Bazazzagi, ina gaisuwa, ko da yake kai ne ya kamata ka taso takanas ka zo Kano ka faɗi gaisuwa. Labari ya iso mini cewa tun da ka fara kallon Shogun ka daina amsa sunanka na yanka a majalisa, sai an ce Toranaga. Ko gaishe ka aka yi sai ka yi shiru ka ƙura wa bango ido, wai dabara kake ƙullawa.

To bari ubangidanka ya karantar da kai. Wasan nan da tashar FX ta fitar a 2024, kashi 10, daga littafin James Clavell na 1975 aka ɗauko shi, kuma a kan mutanen gaske aka ɗora labarin. Toranaga inuwar Tokugawa Ieyasu ce, wanda ya ci yaƙin Sekigahara a 1600, ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na Japan, a 1603. Blackthorne, Baturen cikin wasan, shi kuwa William Adams ne, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila da jirgin 'yan Holan ya kawo gaɓar Kyushu a 1600. Bai sake taka ƙasarsu ba har ya mutu a Hirado a 1620.

Yanzu tsakani da Allah, cikin biyun nan wa ka gado? Toranaga mutum ne da ko ɗan cikinsa bai san abin da ke ransa ba. Kai kuwa in ka yi niyyar sayen akuya, kafin azahar an ji a Tudun Wada, an ji a Samaru.

Naka shi ne Baturen, wanda Japanawa ke kira Anjin. Baƙon da ya sauka garin mutane bai iya ko sannu ba, yana ta ɗaga murya, yana ganin kowa ɗan ƙauye ne. Aka ce ya yi wanka, ya ce wanka biyu a mako ciwo zai sa masa. Toranaga ya aiko masa da kyautar tsuntsun da aka farauto, shi kuma ya rataye shi a tsakar gida wai sai naman ya tsumu, ya haɗa 'yan kalmomin Japananci da ya tsinta ya ce duk wanda ya taɓa zai mutu. Shi a wasa ya faɗa. Tsuntsu ya ruɓe, ƙudaje suka yi dandazo, wari ya hana gida sakat. Tsohon mai kula da lambu ya sauke mushen, aka kashe shi, don a can maganar maigida doka ce. Ka ga ƙarshen rabin ilimi da baki mai kaifi, ɗan birnin ilimi.

An ma ce in Japanawa suka fara magana, wato kusan duk wasan, ba ka karanta fassarar da ke ƙasa, sai ka jira a yi Turanci ka gyaɗa kai. Ai wannan Turancin da kake taƙama da shi, a cikin labarin harshen Fotugal ne suke yi da Mariko mai tafinta. An juya shi ne don irinku. Kyautar Emmy 18 wasan ya kwasa, Hiroyuki Sanada da Anna Sawai, masu fitowa a matsayin Toranaga da Mariko, kowa da tasa, kuma da Japananci suka ci abinsu.

Na san ba ka kai kashi na 10 ba, tunda datar aro kake jira, don haka zan rage maka wahala. Mariko ta mutu a Osaka. Jirgin da Anjin ke ta kuka a kai, Toranaga da kansa ya sa aka ƙone shi. Kuma da Yabushige, ɗaya daga cikin hakimansa, zai kashe kansa bisa umarni, Toranaga ya gaya masa dalilin ajiye Baturen: yana ɗauke hankalin maƙiya, sannan yana ba shi dariya. Mu ma Kanawa abin da ya sa muke riƙe da ku ke nan. A aiko da kuɗin shara kafin wata ya tsaya.