Bazazzagen Tarauni da Fastar Sholay

Malam Bazazzage, bawan Kanawa na gado. Ka daina kauce mini a hanya, labarinka ya riga ya iso Gyaɗi-Gyaɗi, har mai shayin layinmu ya haddace shi. An ce ka ga tallar fastar fim ɗin Sholay a waya, mai tallar ya rantse cewa daga bangon sinimar Marhaba aka ɓamɓaro ta, kai kuma ka tura kuɗi ba taya ba albarka. Yanzu ga ka kana yawo da takarda a naɗe a hammata, kana neman wanda zai karɓo maka haƙƙinka.

Waɗanda suka raka ka tashar Unguwa Uku karɓo saƙon sun ce tun kafin ka kwance ƙullin warin tawada ya cika wurin. Sholay dai a 1975 ya fito, lokacin Amitabh Bachchan da Dharmendra suna samari. Takardar da ta yi waɗannan shekaru a Kano ta sha hunturu da zafin bazara, ta yi ja, ta yi laushi, ga sawun ninki, ga ramin ƙusa ko tabon kwaki a kusurwa. Taka kuwa fara fat, tana sheƙi, kuma in aka matso da ido gemun Gabbar Singh ɗigo-ɗigo ne, alamar ƙaramin hoto aka sauke daga intanet aka buɗa shi da ƙarfi. Ba na raba ɗaya biyu a nan garin aka buga ta, wataƙila a injin da ya gama fitar da fastar ɗan takarar kansila.

Ban ga laifinka a sha'awar ba, gaskiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar Plaza ko El Dorado ko Orion yana kallon allon fim ɗin dare ya san daɗin da takardun nan suke tunowa. Kuma a duniya sana'a ce mai kuɗi. A 2005 an sayar da fastar Metropolis, fim ɗin Jamus na 1927, a kan dala 690,000. A 2017 ta Dracula ta 1931 ta tashi a dala 525,800 a wani gwanjo a Amurka. Ko a nan kusa, fastocin da masu zanen Gana suka riƙa yi da hannu a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990, don masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye, yau a Amurka ake rataye su ana yi musu kuɗi. Na san waɗannan alƙaluman ne suka shiga kanka, ka fara lissafin fili a Hotoro. Sai dai inda kuɗi ya taru, mai jabu yana gefe. A 2012 wata kotun Amurka ta ɗaure wani mutumin jihar Jojiya sama da shekara shida saboda sayar da fastocin finafinan tsoro na bogi, kuma waɗanda ya damfara mutane ne da suka tsufa a harkar, masu duba takarda da gilashin ƙara girma. Kai da ka duba taka a fuskar wayar da ta tsage, me kake tsammani?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ku Zazzagawa ku ne masu cika baki da birnin ilimi. Kullum sai an tuna mana jami'ar Ahmadu Bello da zaurukan karatu na cikin ganuwa. To, Risala da kuke cewa kun sha, a babin ciniki ta yi maganar irin wannan. Malaman Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya gabanka in an siffanta shi, amma sun hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a gani in kayan yana nesa, kuma in ya zo ba bisa siffar ba, ko aka sami aibin da aka ɓoye, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Wato da ka ce wa mutumin ya rubuta maka shekarar bugu, da tsawo da faɗi, da hoton bayan takardar, da cewa in ba haka ba za a dawo da kuɗi, da yau kana da abin riƙewa. Da aka duba hirarku, ba a ga komai ba sai muryarka kana tambaya, "Gangariya ce ko?" shi kuma ya amsa, "In sha Allahu, Alhaji." Wannan Alhajin ne ya kashe ka, na sani, don a Zariya ba a saba kiran ka da shi ba.

Mu a Kano ba mu taɓa yarda da ciniki tsakanin baƙo da baƙo ba sai da na uku. Aikin dillali ke nan a Kurmi tun zamanin ayari: ya san mai kaya, ya san mai saye, ya ci la'adarsa, in rigima ta taso shi ake kamawa. Manyan kasuwannin intanet ma dabarar da suka ɗauka ke nan. A eBay, in kaya ya zo saɓanin yadda aka siffanta shi, mai saye yana da kwana 30 ya kai kuka, kuma ko mai kaya ya rubuta ba a mayarwa, ba ta fisshe shi. Kai ka tsallake duk wannan don ƙyashin la'ada, ka tura kai tsaye zuwa asusun da sunansa ma bai yi daidai da na mai tallar ba.

An ce ka yi rantsuwa sai kun haɗu a kotu. Bismilla, Court Road a unguwarmu take, zan ba ka ruwa ka sha kafin ka shiga. Amma magatakarda zai tambaye ka sunan wanda kake ƙara da inda za a kai masa sammaci, kai kuma abin da ka sani game da shi lambar waya ce da ta daina shiga, da hoton furen da ya sa a madadin fuskarsa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa, ita ma shaida za ta nema.

Yanzu bari mu zo kan wadda ba ka so a tayar. A bara ba kai ne ka sayar wa wani yaro ɗan Maraɗi fastar Sangaya ba? Waccan kam ta asali ce, na shaida, irin waɗanda ake mannawa a shagunan kaset na Ƙofar Wambai lokacin Ali Nuhu da Fati Muhammad suna tashe. Irinta ta yi wuya yanzu, domin yawancinsu mun ba masu ƙosai da masu tsire sun naɗe kaya da su, ba wanda ya yi tunanin ajiyewa. Taka ma da ƙyar ta tsira, don akwai tabon mai a gefen hagu, ɓera kuma ya ɗanɗana kusurwa guda. Da za ka ɗauki hoto sai ka ɗora babban yatsanka daidai kan wurin. Yaron ya kira yana ladabi, ya ce Baba ga abin da ya gani, ka ce masa kayan da ya fita ba ya dawowa, ai tsufa ba aibi ba ne. Har ka zo majalisa kana ba da labari kana dariya, kana cewa ka koyi kasuwanci a wurin Kanawa. Kada ka shafa mana. Laifi tudu ne, Malam, kuma naka ya fi Dala tsawo.

Ga shawarar ubangida ga bawansa, kyauta. Ka nemo lambar ɗan Maraɗin nan ka mayar masa da kuɗinsa har da na mota, ya dawo maka da Sangayarka, don ita ce kaɗai abu mai daraja da ya taɓa shiga hannunka. Sholay kuwa ka kawo mini ita Gyaɗi-Gyaɗi, mai wankin hulunan layinmu yana neman abin shimfiɗa. Na taya naira ɗari biyu, kuma sai na duba gaba da baya kafin in biya.