Me Za a Kai wa Alhaji da Hajiya da Sallah?

Da azumi ya shiga goman ƙarshe, 'ya'yan masu hali sai su faɗa wata damuwa da talaka bai san ta ba: me za a kai wa tsofaffi? Alhaji yana da shaddar Getzner da ko warware ta ba a yi ba tun bara waccan. Ka shiga Kantin Kwari ka zaɓo wata, ka biya kana haɗiyar yawu, ka kai wa Alhaji, ya shafa ta ya ce "Allah ya yi albarka." Ranar hawan Daushe ka gan ta a jikin direba.

Hajiya ta fi wuyar sha'ani. Kuloli sun cika kabet, turaren wuta na Maiduguri kwalba-kwalba, darduma kuwa duk wanda ya dawo daga Makka sai ya ƙara mata ɗaya. Ka sayo sabuwar waya, jikoki su gaje ta tun tana raye, ita tana nan da tsohuwar Nokia mai tocila, wai ita ce mai jin magana.

Umra? Sun fi ka sanin hanyar Safa da Marwa.

Kuɗi a ambulan kuwa, kafin ka sa takalmi Hajiya ta rabar wa yara 'yan yawon Sallah, ragowar ta cusa a aljihun ɗanka, sannan ta juyo kanka: "Dubi yadda ka rame, matar taka ba ta ba ka abinci ne?" Ka fito ɗauke da kular tuwo da miyar taushe da soyayyun kaji biyu, matarka na harararka har gida.