Totur Mai Taurin Kai

A kan hanyar Talata Mafara zuwa Bakura, ko ta Maradun wajen madatsar Bakolori, akwai tsofaffin motocin haya da suka fi direbobinsu sanin inda za a je. Direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur, mota ta ce ba ta ji ba. Inji ya hau ruri kamar raƙumin da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa, fasinja su kama salati, wata tsohuwa a baya ta ce aljanun hanya ne.

Aljanun nan kuwa bakanike ya san sunayensu: ƙurar hunturu da ta cushe kebur ɗin totur, sifirin da ya gaji, ko kafet ɗin roba da ya zame ya danne feda.

A Amurka ma an yi wannan rigima. A 2009 da 2010 kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci saboda kafet da totur mai maƙalewa, a 2014 kuma ya biya tarar dala biliyan 1.2. A nan Mafara kuwa, ranar Talata ana cin kasuwa, sai yaron bakanike ya fesa ɗan fetur, ya ɗaure da tsohon tiyub, ya ce, "Maigida, ta gyaru, Allah shi kiyaye hanya."

Malam direba, idan totur ya maƙale maka, taka kuloci, mayar da giya furi, taka birki ka gangara gefe. Kada ka zare makulli mota na tafiya, sitiyari zai kulle.