Linzami Ɗaya, Kibiya Biyu

Mai shagon kwamfuta a Faskari da ya ɗora tsohon Windows cikin QEMU, yana leƙa shi ta VNC, ya san wannan rigima: linzami ɗaya a hannu, kibiya biyu a allo suna zaman kishiyoyi. Wannan ta nufi Ƙanƙara, waccan ta kama hanyar Sabuwa, kwastoma kuma na jiran takardarsa.

Laifin linzamin PS/2 ne. Tazarar motsi kawai yake faɗa, ba ya faɗin inda kibiya take, kuma kowace kwamfuta da nata lissafin gudu.

Zaɓin USB Tablet na QEMU ke sulhunta su, don shi ainihin wurin yake faɗa. VirtualBox kuwa haɗiye kibiyar yake yi ɗungurungum, sai an danna Ctrl na dama ya sako ta. Maganinsa Guest Additions.