Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Marsandi

Zuwa ga Hajiya Marsandi 500 SEL,
Gindin darbejiya, bayan garejin kanikawa.

Ranki ya daɗe, ina gajiya, ya rana, ya ƙura? Ya kuma zaman kan duwatsu tun da aka kwance miki tayoyi? Allah ya ba da haƙuri.

Daga garin Shagari nake rubuto miki, kuma ina da bakin magana, domin sunanmu aka laƙaba miki. Jamusawa sun fito da ke a 1979, shekarar da aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, ranar 1 ga Oktoba. Gwamnatin sojan da ta gabace shi ta tsare manyan ma'aikata a cikin Fijo 504, irin wadda ake harhaɗawa a Kaduna. Farar hula na dawowa, ministoci da 'yan kwangila suka rungume ki, jama'a suka riƙa kiranki Shagari. Mu masu sunan kuwa, yawancinmu ƙurarki kawai muka sha, in kin taso daga Sakkwato kin keta Bodinga kin nufi Tambuwal da Jega. Mulkin ya faɗi ranar 31 ga Disamba 1983, ke kuma aka ci gaba da ƙera irinki har 1991. Kin ga kin fi gwamnatin da ta yi miki suna tsawon kwana. Wannan kam na yaba miki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halinki a kasuwa, ke da ƙannenki na yanzu, su G-Wagon da Range Rover da manyan BMW. Ranar saye, ku ne masu tsada. Ranar sayarwa, sai dillali ya zagaya ku sau biyu, ya ƙwanƙwasa bodi, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Alhaji, mota kam mota ce. Mai saye ne babu." Alhaji ya faɗi kuɗin da ya kashe, dillali ya yi tayi, Alhaji ya ce albarka da ƙarfi har makwabta su ji. Bayan wata shida shi zai aika a kira dillalin, ya tarar wancan tayin ma ya tafi.

Kada ki ce ƙiyayyar mutanen karkara ce. Ko a Amurka, inda titi yake sumul, manyan motocin alfarma da dama sukan zubar da fiye da rabin kuɗinsu cikin shekara biyar. Dalilin bai da wuyar ganewa. Mai sayenku na farko ba ƙarfe kaɗai ya biya ba, ya biya kuɗin a ce shi ya fara shigo da irinta gari, ya biya kuɗin yara su bi shi da gudu a wurin ɗaurin aure. Wannan kaso ba ya bin mota zuwa hannu na biyu, yana narkewa ranar da kamfani ya canza fasalin fitila. Abin da ke bin ku zuwa gidan mai saye na biyu shi ne cinku. Injinki mai silinda takwas bai san cewa an sayo ki da araha ba, abincin gidan minista zai nema a gidan malamin firamare.

Nan ne kuka maƙale, Hajiya. Mai kuɗin da zai iya ciyar da ku ba zai hau saura ba, kada a ce ya karye. Wanda ya yarda ya hau saura kuma ba shi da abin ciyarwa. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura dubu kafin ƙarshen 2024, manyan alhazai ma sun koyi ajiye jif a gida su hau ƙaramar mota zuwa kasuwa.

Ke ma da sauƙi, don bakanike mai sifana da kunne yana iya gane ciwonki. Ƙannenki kuwa, fitila ɗaya ta kama a gaban direba, sai an nemo mai kwamfuta daga Sakkwato, shi kuma ya ce kayan sai an yi oda daga Legas, na Legas ya ce sai dala ta faɗi farashinta na yau. Wasunsu a kan iska suke tsaye maimakon sifirin, in jakar ta huje sai ka wayi gari ka tarar motar miliyoyi ta durƙusa a ƙofar gida, ba wanda ya taɓa ta. In kuma ta bi ta Kwatano ta ratso Nijar ta shigo ta daji bayan an hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, mai saye zai tambayi takardun kwastam, a yi shiru, ya sake zabge kuɗi.

Dubi waɗanda kike rainawa. Tsohuwar Golf da ke jigilar mutane da buhunan albasa ranar kasuwa, da Corolla, da Hilux, in aka sa su a kasuwa da safe, kafin la'asar an yi sallama. Kayan gyaransu na kowace rumfa, kowane yaron gareji ya san cikinsu, kuma suna fita su nemo kuɗin mansu.

Akwai wata dabarar da kuka koya kwanan nan, ita ce ta fi ba ni haushi. Da naira ta faɗi, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kusan 460 ta wuce 1,500 a 2024, sai farashinku na naira ya tashi. Alhaji ya sayar da jif sama da yadda ya saya, ya zauna a majalisa yana cewa ai mota kadara ce, ya ci riba. Ba wanda ya tambaye shi bijimai nawa kuɗin nan za su saya a ranar da ya biya, nawa kuma za su saya yau, ko buhun gero nawa. Da ya je sayen sabuwa irinta ne zai gane cewa ribar ba ta kai kuɗin rabinta ba. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ban ɗora miki laifin wannan ke kaɗai ba.

Na san za ki ce a Turai 'yan uwanki sun fara daraja, masu tara tsofaffin motoci suna nemansu. Gaskiya ne. Sai dai waɗancan a ɗaki suke kwana, da takardar kowane juyen mai da aka taɓa yi musu. Ke kuwa zafin bazarar Sakkwato ya farfasa miki kujeru, kaji sun yi ƙwai a but ɗinki.

Ga saƙon da na zo da shi. Magadan maigidanki sun zauna rabon gado. An yi ta jayayya a kan gonar fadama da shanu, da aka zo kanki kowa ya ce a bar wa ƙaninsa, shi ya fi cancanta. Autan da kika faɗa wa ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan, za su zo ranar Laraba da sikeli, kilo-kilo za su saye ki. Ya ce in roƙe ki, in akwai wani nauyi da kika ɓoye, ki fito da shi ranar. Tauraron da ke goshinki kuma ya riga ya cire, wai mai a-daidaita-sahu ya taya.

Ki huta lafiya.

Naki,
Wani ɗan Shagari mai babur.