Asibitin Gindin Bishiya

Alhaji, ajiye wayar nan ka gyara zama, na zo maka da labarin da za ka kai majalisa a yi ta dariya har a kira la'asar. A Amurka akwai masu sana'a, da digirinsu da lasisin gwamnati a hannu, da iyaye ke biya domin su kwashi yara su shiga da su cikin itatuwa. Can za a bar yaro ya yi birgima a taɓo, ya ɗare reshe, ya ja igiya, ya kinkimi gungume. In an tashi a rubuta rahoto a ce an ga ci gaba. Yi dariyarka, ban hana ka ba. Na ma san abin da za ka faɗa in ka sarara: "Wato abin da aka yi ta zane mu a kansa muna yara, shi ne yau ya zama magani?" Shi ne fa, ranka ya daɗe. Duk bulalar da ka sha don ka dawo da riga a yage daga kan mangwaron maƙwabta, ashe jinya aka katse maka.

Cikin waɗanda suka yi fice a harkar akwai Angela Hanscom ta jihar New Hampshire. Asalin aikinta taimaka wa yaran da ƙananan abubuwa ke gagara: riƙe fensir, sa maɓallin riga, zama a kujera ba a sulale ba, jure hayaniya ko taɓa yashi. Bisa al'ada a ɗaki ake wannan aiki, ɗaki mai katifu da lilo da manyan ƙwallaye, kayan da duk kwaikwayo ne na abin da Allah ya shimfiɗa a waje kyauta. Ita sai ta fita da yaran. A 2013 ta kafa shirin da ta kira TimberNook, ya bazu har wasu ƙasashe. Ba ita ce farau ba. Mutanen Danmak suna da makarantun raino na cikin kurmi tun shekarun 1950. A 1993 Jamus ta amince da irinsu a hukumance a garin Flensburg, a shekarar nan kuma malaman kwalejin Bridgwater ta Ingila suka je Danmak suka gani da idonsu suka kwaso tsarin. Waɗancan makarantu ne na kowane yaro. Abin da su Hanscom suka ƙara shi ne idon ƙwararren da ya san abin da yake nema a jikin yaro.

Ga Hajiya can tana taɓe baki. "Matsalar Turawa ce wannan, mu yaranmu ai kullum suna waje." Waɗanne yaran, Hajiya? Naki? Bari in lissafa miki yinin autanki. Ƙarfe bakwai yana cikin mota, gilashi a rufe. Daga aji sai lesin, daga lesin sai Islamiyya, kafin ya dawo an kira magariba, maigadi ya ja get. Ya ci abinci, ya yi aikin da malama ta ba shi, ki miƙa masa wayarki don ki samu ki miƙe ƙafa. Tsakar gidan an malale shi da siminti. Darbejiyar da kuka tarar an sare ta, wai ganye na ɓata wuri, saiwa kuma za ta tsaga katanga. Filin da maigidanki ya yi langa a kansa yanzu shaguna ne hawa biyu, ana sayar da atamfa da caja. Da can ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To yanzu an huta da wannan gardama, don yaron ko gwaiba aka nuna masa sai ya nemi tsani.

Ban ɗora miki laifi ba. Wanda ya ji labarin satar yara da gudun masu babur a lungu ba zai ga baiken uwar da ta kulle ƙofa ba. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ɗan Fulani, na hango ka kana murmushi da sanda a kafaɗa. A ganinka kai ka sauke wannan karatu tun kafin Bature ya buɗe shafin farko. Ba na musu, yaron da ke bin shanu ya fi ɗan birni sanin inda zai sa ƙafa. Amma kada ka yi saurin kafa allon asibiti a ruga. Almajirin da ke yawo tun safe da roba a hannu shi ma a waje yake yini, kuma babu mai hankalin da zai ce jinya ake masa. Rana da ƙura kaɗai ba sa warkar da kowa. Wasan da ake nufi na yaro ne wanda cikinsa ya ɗauka, kuma akwai babba a gefe yana lura.

Saura ɗan boko mai tabarau, wanda ba ya gaskata komai sai an ce masa bincike ya nuna. Madalla, da tabaran naka za mu fara. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ɗauki makarantun firamare 12 aka raba su biyu. Rabi aka ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na fita waje kowace ranar makaranta, rabi aka bar su yadda suke. Bayan shekara uku, a sakamakon da aka wallafa a 2015, kashi 30.4 cikin 100 na masu fita suka kamu da matsalar idon da ke hana ganin nesa, waɗanda aka bari kuwa kashi 39.5. Taiwan ba ta ma jira wannan ba. Tun 2010 ta buƙaci makarantu su riƙa fitar da yara minti 120 a rana, kuma yawan masu raunin gani a firamare, da ya yi shekaru yana hawa, ya fara sauka. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne hasken waje yana sa ido ya saki sinadarin dofamin, wanda ke hana ƙwayar ido yin tsawo fiye da kima. Fitilar aji ba ta kai ko kusa da hasken inuwar bishiya ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk harkar, a ganina.

Ta biyu ba ta kai ta nauyi ba, gara in faɗa maka da bakina kafin ka tono. A 2009 Andrea Faber Taylor da Frances Kuo na Jami'ar Illinois suka wallafa gwajin da suka yi da yara masu lalurar rashin tara hankali wuri ɗaya, wadda likitoci ke kira ADHD. Kowane yaro ya yi tattakin minti 20 a wurare uku: lambun shaƙatawa, tsakiyar birni, da cikin unguwa. Bayan na lambu suka fi iya natsuwa a kan gwajin lambobi. Yara nawa? Su 17. A firamaren gwamnati ta Kano ko layin gaba ba su cika ba. Alama ce mai kyau, amma duk wanda ya ce maka ka zubar da maganin da likita ya rubuta saboda ita, rufe masa ƙofa.

Finland kuma abin da suka yi zai tayar wa Hajiya da hankali. Ƙasar kurmi suka ɗebo, da ciyawarta da gansakukarta, suka shimfiɗa a harabar wasu gidajen raino, suka bar yara suna cuɗanya da ita. A binciken da ya fito a 2020, mai yara 75, cikin kwana 28 aka ga nau'o'in ƙwayoyin halittar da ke fatarsu sun ƙaru, aka kuma ga canji mai kyau a alamomin garkuwar jiki cikin jininsu. Wato dattin da ake bin yaro da sabulu a kansa, wasu da mota suke saye.

To tunda bishiya ba ta karɓar haya, kuɗin mene ne ake biya? Nan ne mai dariya ya kamata ya ɗan tsagaita. Kafin yaro ya taka filin an zauna da iyayensa, an gwada shi, an rubuta abin da ake so ya iya. Wannan ba ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya. Wancan da an taɓa shi sai ihu. Waccan ba ta iya jira a zo kanta, in an ci ta a wasa sai cizo. Daga nan ake zaɓen wuri da kaya: igiya, katako, tsohuwar taya, bokiti, tudu mai gangara. Can cikin kunnen mutum akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa duk lokacin da kai ya juya ko ya karkata. Juyi da lilo da gangarowa daga tudu su ne motsa jikinsu, kuma yaron da ya yini a kan benci bai ba su aikin yi ba. Masu sana'ar suna amfani da jan abu mai nauyi don kwantar da yaro mai rawar kai. Hannun da zai riƙe fensir da kyau kuwa kafaɗa ce ke tallafe da shi, ita kuma a reto da rarrafe da hawa take yin ƙwari. Malamin da ke ƙwanƙwasar yatsun yaro da rula don rubutu ya gyaru, wataƙila ba inda ciwon yake yake duka ba.

Sauran aikin babu daɗin ji. A zagaya filin kafin yara su iso, a duba ruɓaɓɓen reshe da fasasshiyar kwalba da gidan rina. A nemi izinin mai fili, a biya inshora, a tanadi akwatin taimakon gaggawa da ruwan sha da makewayi, a san manya nawa za su kula da yara nawa, a san inda za a fake in hadari ya taso. A dawo gida a zauna rubuta abin da kowane yaro ya yi. Mafi wuya duka shi ne kame baki. Mu da "Kai! Sauko, za ka faɗi!" ke bakinmu kamar tasbihi, rabin awa ba za mu yi a wannan aiki ba za a sallame mu.

Wata malamar jami'a a Norwe, Ellen Sandseter, ta kasa wasan kasada gida shida a 2007: hawa sama, gudu mai tsanani, riƙe kayan aiki masu kaifi, kusantar wuta ko ruwa, kokawa, da ɓacewa daga idon manya. Alhaji, duba jerin da kyau, wanne ne ba ka yi ba kafin ka shekara goma? Fahimtarta ita ce da irin wannan wasa yaro ke koyon auna haɗari, yana cin tsoronsa kaɗan-kaɗan. Aikin babba ya kawar da haɗarin da yaro ba zai iya gani ba, ya bar masa wanda zai iya gani ya shawarta da zuciyarsa. Ruɓaɓɓen reshe na babba ne. Tsawon bishiya na yaro ne.

Akwai gardamar da ba ta dariya ba ce. Mutumin Katsina ko Birnin Gwari in ka ce masa a kai yara daji, Rugu da Kamuku zai tuna, kuma yana da gaskiya. Babu wanda ya ce a nufi can. Ka lura, na Guangzhou a filin makaranta aka yi, na Illinois a lambun cikin gari, na Finland a harabar gidan raino. Gonar kaka ta wadatar, haka lambun unguwa, haka filin makaranta mai 'yan itatuwa. Sannan ba duk abin da ya yi daidai a New Hampshire ne zai yi daidai a Haɗeja ba. Su suna yabon tafiya ba takalmi, mu kuwa inda ake bahaya a fili tsutsar ciki ta tafin ƙafa take shiga. Kududdufi gidan tsargiya ne. Ƙarƙashin dutse akwai kunama. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba lokacin gwajin jarumta ba ne, sai da hantsi ko la'asar sakaliya.

A kuma yi hattara da masu fakewa da sunan. A Amurkar nan akwai sansanonin da ake kai matasa masu taurin kai cikin jeji wai a gyara su, kuma a 2007 ofishin binciken majalisar dokokin ƙasar ya fitar da rahoto mai ɗauke da dubban zarge-zargen cin zarafi a irin waɗannan wurare, har da mutuwar yara. Mu ma mun san namu. Ba mu manta ɗaruruwan da 'yan sanda suka fito da su daga wani gidan mari a Rigasa cikin Satumban 2019 ba. Duk inda aka hana iyaye gani, ko aka mai da yunwa da duka horo, ba asibiti ba ne ko da itatuwa dubu ne a ciki. Haka wanda zai ce iskar gona na warkar da galahanga tas, kuɗinka yake so. Yaro mai lalura likita zai fara gani, wasan waje ƙari ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana. Don haka, Alhaji, in ka je biyan kuɗin makaranta zangon nan, kafin shugaba ya ja ka ɗakin kwamfuta ya kunna maka na'urar sanyaya ɗaki, ce masa ya nuna maka filin wasa, ya kuma faɗa maka minti nawa yara ke yi in an fita tara. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka tukuna.