Faransanci Ne Ba Ka Ji, Alhaji, Ko Ido Ma Babu?

Na san abin da za ka ce, Alhaji, tun kafin ka ajiye kofin shayin. "Ni da ban taɓa taka ƙofar lakwal ba, me zan duba a littafin yaro?" Hajiya ma daga cikin gida ta ɗora nata: karatun nasu duk Faransanci ne, ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya da shi ba. Shi ke nan, kowa ya kakkaɓe hannu. Yaro ya fita da safe, ya dawo da rana fari fat da ƙurar Figil, ba wanda ya san ko aji ya shiga ko gefen titin Garwa zuwa Marwa ya zauna yana ƙirga tirelolin siminti.

To ku taso mu leƙa ajin, tunda ba kuɗin shiga ake biya ba.

Firamare a ɓangaren Kamaru mai karatu da Faransanci shekara 6 ce: SIL, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, sannan jarrabawar CEP da ta shiga sakandare. Ajin farko kusan duk aikinsa shi ne saba wa kunnen yaro da bakinsa da harshen da za a koyar da shi. Ɗanka ya zo da Hausar gida da Fulatancin kasuwa, na kusa da shi a benci ya zo da Gidar, na bayansu da Mundang, sai mushe, wato malamin aji, ya buɗe baki da harshen da ba uwar kowa a cikinsu ke yi ba. Wannan yaron da ke fama da harshe na uku yana ɗan shekara 6, shi kake kira daƙiƙi? Kai da ka shekara 20 kana sauke kaya daga Garwa har yau takardar kwastan sai an karanta maka.

Da misalin bakwai da rabi an shiga. Kafin nan an share fili, an yi layi, ranar Litinin an ɗaga tuta an rera taken ƙasa. Mushe ya kira suna, ya rubuta kwanan wata a saman baƙin allo, kowa ya kwafa. Sai lissafin ka, wanda shi ne abin kallo. Kowane yaro da ɗan allonsa da guntun alli. Mushe ya faɗi tambaya, ya yi shiru, ya buga rula a tebur, kowa ya duƙa ya rubuta. Ya sake bugawa, alluna su tashi sama gaba ɗaya. Ya bi su da ido daga gaba zuwa baya, ya ce a goge. Wani da tsumma, wani da gefen riga, wani da yawu da tafin hannu. Akwai kuma gwanin da ba ya ɗaga nasa sai ya saci kallon na maƙwabci, kuma kada ka rantse ba naka ba ne.

Dabarar tana da kyau, amma a makarantun gwamnati na arewacin Kamaru aji mai yara 80 ko 100 ba abin mamaki ba ne. Kai ɗan kasuwa ne, yi lissafin da kanka. In malam ya raba awa guda cur tsakanin yara 90, kowa daƙiƙa 40 zai samu. Ko cinikin goro bai ƙarewa a haka. Shi ya sa yaro kan iya kai CE2 yana rera karatu tare da jama'a, baki na motsi daidai, amma in ka ware shi ka ɗora masa yatsa a kan kalma ɗaya sai ya hau kallon rufi. Malam bai da lokacin ganowa. Kai kana da shi, kana kashe shi ne a majalisa kan rikicin ƙasashen da ba za ka taɓa zuwa ba.

"To ai ban iya ba." Tsaya mana. Wa ya ce ka koyar? Buɗe littafin kawai. A saman kowane aiki akwai kwanan wata, kuma lambobin nan su ne dai na wayarka da na jikin takardar jaka goma, waɗanda ban taɓa jin ka ce ba ka gane su ba. In yau 14 ga wata, shafi na ƙarshe kuma yana nuna 6, to akwai labari, sai ka nemi jin inda aka yi sauran kwanakin. Jan biro ma ba shi da yare. In babu ja ko ɗigo cikin makonni, ko dai malam bai duba ba ko yaro bai miƙa ba. In ja ya mamaye shafi kuma, ka ga inda ake ciwo.

Abin da ya fi ba ni dariya, a makarantar allo ba ka kawo wannan uzuri. Da yawanmu ba mu jin Larabci, amma ba mu fasa zaunar da yaro mu ce biya mu ji ba. Kana gane inda ya yi tuntuɓe, kana gane allon da ya kwana uku ba a wanke ba, har ka aika wa malam da tambaya. Kunnen nan da idon nan su ake nema a nan ma. Ce masa ya karanta maka layi biyar yatsansa na bin rubutun, sannan ya gaya maka da Hausa abin da ya karanta. In ya iya mayar da shi Hausa, ya fahimta. In ya ce "ai ba ya fassaruwa", Baba, an yi maka wayo.

Hajiya, ke kuma kada ki ɓoye bayan labule, ke ce ma babbar malamar lissafi a gidan. A aji ana cewa faran 100, ke kina cewa dala ashirin. Ana cewa 250, ke kin riga kin ce dala hamsin. Wato tun safe har dare ninkawa da biyar da rabawa da biyar kike yi a ka, ga hayaƙi ga kukan goyo, ba ki taɓa ba da canji ya wuce ba. Ɗanki kuwa yana can yana zufa a kan jadawalin biyar ɗin nan. Ki ba shi ƙosai ya ƙirga, ki ce na dala talatin faran nawa ne, ya rubuta a allonsa ya ɗaga miki. Ko rular ma kina da ita, ga muciya nan.

Sai mai cewa ai gwamnati ta ce kyauta ne, ta yi abinta. Gaskiya ne, tun shekarar 2000 Paul Biya ya soke kuɗin firamare a makarantun gwamnati. Amma kai ne dai ke biyan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, kuma daga ciki ake sallamar malaman da iyaye suka ɗauka saboda na gwamnati ba su isa ba. Kana biyan ma'aikaci, ba ka taɓa zuwa ganin aikin ba. A shagonka za ka yarda da haka? Wani kuma gudummawarsa ɗaya ce, ya ce wa malam a zane shi da kyau. To dokar ilimi ta 1998 ta hana dukan ɗalibi a makaranta, sai ka nemo wata gudummawar.

Na ji mai gunaguni a baya: masu digiri ma suna tuƙa babur a Garwa. Ban musa ba. Amma ba digiri muke magana ba, karatu da ƙirga muke magana. Ranar da aka ɗora audugarka a sikelin SODECOTON aka miƙo maka takarda, wa kake so ya karanta maka, ɗanka ko ɗan wani? Ko a ƙofar kamfanin siminti na CIMENCAM, mai karanta takardar lodi da mai ɗaukar buhu ba kuɗi ɗaya suke komawa gida da shi ba. Ahmadu Ahijo ma daga makarantar allo ya shiga firamaren gwamnati a Garwa, ya yi aikin rediyo a gidan waya, ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1982. Ban ce naka zai yi ba, kujerar ma ba ta cika sakin mai ita ba.

Abin da ya rage ƙanana ne, kuma duk a hannunku suke. Koko kafin a fita, domin a zafin Maris da Afrilu cikin da ba komai ba ya riƙe darasi. Rabin awa na bitar karatu bayan la'asar, kafin makarantar dare, a kashe rediyo, kada a aiki kowa sayen magi. Yarinya ma a sauke mata farantin talla na wannan ɗan lokaci, ita ma jarrabawa ɗaya za ta zauna da yayanta. Lokacin cirar gyaɗa da tsinkar auduga kuwa, ku daina cewa ai mako biyu ne kawai, domin aji ba ya tsayawa jiran kowa. In an yi sakaci shekara biyar, sai ana saura kwana uku CEP a tashi neman rubutun sha, ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Gobe ka ɗan biya ta makarantar, Alhaji. Mushe yana jin Fulatanci, in ma ba ya ji akwai mai ji a ajin kusa. Sai dai abin da zai fara tambayarka shi ne ajin da yaron yake. Ka tambayi Hajiya tun a gida, kada ka je ka ba mu kunya.